Ranar da Ƙafar Karmu Ta Ƙi Tashi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tsayar da ɗan Adam a kan ƙafafu biyu, Ya jera masa ƙasusuwan baya ɗaya bisa ɗaya, Ya ɓoye laka a cikinsu Ya tsare ta da tsarewarSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni Gulam Yasin, mafi ƙarancin ilimi a cikin waɗanda suka durƙusa gaban Shehinmu, na ga ya kamata in rubuta abu guda daga cikin karamominsa tun ina da sauran gani, domin waɗanda suka shaida abin tare da ni sun fara ƙarewa. Shi ne malami mai aiki da iliminsa, mai tsantseni, mai gudun duniya, kogin fiƙihu da tafsiri, majinginar raunana, wanda harshensa bai taɓa bushewa daga ambaton Ubangijinsa ba, Allah Ya tsarkake sirrinsa, Ya haskaka makwancinsa. Ya yi karatu a Multan, ya ƙaro a Makka da Madina, ya kuma gaji ilimin magani daga mahaifinsa, amma duk da haka ya dawo ɗan garinmu na bakin kogin Cinab ya zauna a kan tsohuwar tabarma a masallacin da ke bayan kasuwar hatsi, yana karantar da duk wanda ya zo, abincinsa bai wuce gurasa ɗaya da ɗan kindirmo ba. Hazrat muke ce masa, kuma haka zan ce masa a nan, domin ya hore mu da kada mu rataya sunansa a jikin wani abin mamaki. Yakan ce, "Mai aikin daban, wanda aka gani a wurin daban."

Ina da wa guda ɗaya, sunansa Ilahi Baksh, ɗan dako ne a kasuwar hatsi. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, wannan bawan Allah shi ya riƙe ni, shi ya ce in zauna in yi karatu shi zai ji da sauran. Babu wani baƙi da na koya a gaban Hazrat wanda Yaya bai ɗauki buhun alkama dominsa ba. Yakan juya wa buhu baya, ya soka ƙugiya a wuyan buhun, ya sunkuya ya fizgo shi bisa gadon bayansa, sa'an nan ya hau katako mai rawa har saman babbar mota, ya sauko ya koma, tun hantsi har rana ta yi ja. Ya fi shekara ashirin yana haka, ba a taɓa jin ya ce wash ba. In ana raha yakan ce bambancinsa da jakin mai tukwane ɗaya ne, shi yana salla.

A ƙarshen kakar auduga ta wata shekara ciwo ya kama shi a tsakiyar baya. Ba wanda ya damu, don a kasuwarmu ciwon baya kowa da rabonsa. Muka ce cuk ne, wato wannan riƙewar da kan kama mutum farat ɗaya, ya sunkuya lafiya ya kasa miƙewa. Matarsa Hajran ta yi masa duk abin da aka sani. Ta murza shi da mai mai ɗumi da tafarnuwa, ta gasa bulo ta naɗe a tsumma ta ɗora masa, ta dafa masa madara da kurkum, wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho har sau biyu. Aka yi wata ɗaya, aka yi biyu, aka shiga na uku, ciwo sai gaba yake yi. Mutumin da kan tashi da gurasa shida ya koma ba ya gama ɗaya. Da la'asar jikinsa ya yi zafi, da safe kuma Hajran ta fito da shimfiɗarsa jiƙe da gumi ta shanya. Duk na ga wannan da idona, amma na ce a raina zaman gida ne da damuwa ke cinsa.

Mai karatu zai ce, to kai da kake zaune kullum a gaban masanin magani, me ya hana ka buɗe baki? Abin da ya hana ni biyu ne, kuma ba mai kyau a cikinsu. Yaya ya ce kada in kuskura in kai wa Hazrat ƙarar bayan ɗan dako, mutumin da ake kawo wa matsalar gado da ta saki daga garuruwa. Na biyu kuwa nawa ne ni kaɗai: na ɗan fara jin kaina, na karanta littattafai uku na ɗauka na san abin da ya isa a tambaya da wanda bai isa ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Wata ranar Talata Hajran ta tare ni a tsakar gida tana murza gari. Ta ce, "Malam ƙarami, kai dai ka iya jan baƙi. Wanka na narkewa a gabanka kamar man shanu a rana, kai kana ta lilo da kai a kan littafi. In ba za ka je ka kira Karmu ba, faɗa mini, in yafa mayafi in je da kaina."

Na ce, "Yaya Hajran, ai ban ce ba zan je ba."

Ta ce, "Ba ka ce za ka je ba ma. Tashi."

Karmu, wanda sunansa na yanka Karam Din, tsohon ɗan kokawa ne mai sayar da madara a bakin gada. Da ƙafafu ya fito duniya maimakon kai, kuma kowa ya san wanda aka haifa haka ƙafarsa maganin cuk ce. Da hantsi, kafin mai ciwo ya sa kome a bakinsa, akan tsayar da shi a bakin ƙofa ya dafa madogaranta biyu ya ba titi baya, mai shurin ya zo ba sallama ba magana, ya shure shi a baya sau uku da tafin ƙafar hagu, ya juya ya tafi ba waiwaye. Ba a ba shi kome, ko godiya ba a yi masa. Ba zan ɓoye ba, na sha ganin wanda aka shura ya miƙe bayan kwana biyu, sai daga baya na gane cewa cuk na gaskiya ko ba shuri yakan saki mutum a cikin 'yan kwanaki.

Na same shi yana wanke tuluna. Da na gama bayani sai ya ajiye tulun ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Wata uku? Wata uku kuna zaune da cuk a gida, ni kuma ina garin nan da raina? Kun ci amanar Ilahi Baksh, wallahi." Ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya nuna mini tafinta, faffaɗa kamar faranti. "Ka ga wannan? Ta miƙar da mai gari, ta miƙar da ɗan sanda, har wani lauya ya zo daga birni a ɓoye da baƙin tabarau. Amma fa tun da abin ya kwana biyu ya yi saiwa, sai na ɗan ƙara masa gishiri. Gobe ku tsayar mini da shi, kada ku ba shi ko ruwa."

Na yi murna da wannan magana ta ƙarin gishiri, Allah Ya yafe mini.

Washegari na yi sallar asuba a bayan Hazrat, na sulale kafin a buɗe littafi, abin da ban taɓa yi ba. Da rana ta ɗaga muka tayar da Yaya ni da Hajran, muka kai shi bakin ƙofa da ƙyar, yana cije leɓe, ƙafarsa ta hagu tana ɗan jan ƙasa. Ya dafa madogaran ƙofa ya ba titi baya. Maƙwabta suka taru, mata suka leƙo ta saman soraye, kowa ya yi shiru yadda al'ada ta ce. Can sai ga Karmu ya karyo kwana yana tafe yana buɗa kafaɗu kamar zai shiga fagen kokawa. Ya tuɓe takalmi, ya tattare zanensa ya soke a ƙugu, ya tsaya taku ɗaya a bayan Yaya, ya ja numfashi, ya yunƙura zai ɗaga ƙafa.

Ƙafa ta ƙi barin ƙasa.

Da farko mun ɗauka wani sabon salo ne. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙafar tana nan daram kamar an dasa ta. Ya sa hannu biyu ya kama cinyarsa yana ja, gumi ya karyo masa. Da ya ja da baya sai ƙafar ta bi shi lafiya lau, har ya shuri wani kwandon kaji da ke gefe ya yi sama, amma da ya dawo bayan Yaya sai ta sake kafewa. Ya gwada ta dama, ita ma haka. Nan ya manta da dokar shiru, ya waiwayo a fusace ya ce, "Wane ne ya taka mini ƙafa?"

Wani tsoho mai gyaran keke ya ce, "Ba kowa kusa da kai, Karmu. Ko kai ma cuk ɗin ne ya kama ka? To wa zai shure mana kai?"

Mutane suka fashe da dariya, amma Karmu bai yi ba. Ya gwada karo na uku, ya kasa, sai ya tsaya yana duban ƙafarsa, fuskarsa ta sauya. Ya ce a hankali, "Wannan ba ciwo ba ne. Riƙe ni aka yi."

Bai rufe baki ba sai dariya ta ɗauke daga ƙarshen layi, mutane suna darewa suna sunkuyar da kai. Hazrat ne tafe da sandarsa, ɗalibai biyu na biye da shi. Ɗaya daga cikinsu, Hafiz Manzur, mutum ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ya gaya mini daga baya abin da ya faru a masallaci. Ya ce ana tsakiyar karatu Hazrat ya yi shiru, ya rufe littafi, ya nemi takalmansa ya fito, ba wanda ya zo masa da wani labari, ba kuma wanda ya san inda za shi. Suna tsakiyar kasuwar hatsi, inda ko hayaƙin unguwarmu ba a hange, sai ya tsaya cak, ya kafa sandarsa a ƙasa ya danne ta da hannu biyu, ya ce, "A'a, Karam Din. Ba wannan bayan ba." Ya yi 'yan taku ya sake tsayawa ya faɗi haka, sa'an nan ya sake na uku. Masu awon alkama sun ji, sun ɗauka wani zikiri ne.

Hazrat ya yi sallama, ya dubi Karmu da murmushi ya ce, "Allah Ya saka maka da niyyarka. Zauna ka huta." Ƙaton nan ya zauna a ƙasa nan take. Sa'an nan Hazrat ya sa aka kwantar da Yaya rub da ciki a kan tabarma, a hankali, mutum huɗu suna tallafe da shi, ya zauna kusa da kansa ya yi masa tambayoyi da murya ƙasa-ƙasa. Ya tambaye shi ko ciwon kan lafa in ya kwanta, Yaya ya ce a kwance ma ya fi cinsa. Ya tambayi zazzaɓi da gumi da rama, Hajran ta amsa daga bayan ƙofa. Ya tambaya ko ya taɓa yin dogon tari, Yaya ya ce bara da sanyi ya yi na wata biyu, har ya ga jini sau ɗaya bai faɗa wa kowa ba.

Hajran ta ce, "Jini, Baban Raziya? Muna ɗaki ɗaya da kai?"

Yaya ya ce, "To da na faɗa miki me za ki yi, in ba ki ƙara mini kurkum ba?"

Hazrat ya yi bismilla ya bi ƙashin bayan da yatsu biyu tun daga wuya, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo tsakiya ya tsaya. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Na ji wani ƙulli ya turo kamar gaɓar yatsa, da na ɗan taɓa shi kuwa Yaya ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Daidai nan ƙafar Karmu za ta sauka.

Hazrat ya ce, "Ciwon baya suna ɗaya ne, amma ba gida ɗaya ya fito ba." Sa'an nan ya yi wa jama'ar da ke tsaye bayani a taƙaice, cewa akwai na tsokar da ta gaji ko ta murɗe, wanda ɗan hutu da ɗumi da tafiya a hankali kan ishe shi, akwai na guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa in ya zame ya danne jijiya, shi ne mai sauka har ƙafa, akwai na tsufa, akwai ma wanda daga ƙoda yake ba daga bayan ba. Ya ce wanda duk ya zo da zazzaɓi da rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, to ba a shurinsa, ba a murza shi, asibiti ake kai shi. Ya nuna ƙullin ya ce, "Wannan cuta ce ta shiga ƙashin tana ci, kamar gara a azara. Ku ɗauke shi a kwance, kada bayan ya lanƙwasa. Yau za ku kai shi Multan."

Sai ya juyo gare ni. Na so a ce ya yi mini faɗa, ko ya ɗaga sandar nan ya buga mini, da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yasin, wata uku kana zaune a gabana." Na durƙusa a cikin mutane na yi kuka kamar yaro, ban damu da wanda ke kallo ba.

Aka cire ƙyauren ɗakin Yaya aka kwantar da shi a kai, aka ɗaure shi da rawuna don kada ya motsa. Labari ya riga ya kai kasuwa, 'yan dako suka ajiye ƙugiyoyinsu suka zo su goma sha biyu, suka ɗauke shi suna karɓa-karɓa har babban titi, kuma ban taɓa ganin sun ɗauki wani kaya da lallami irin na ranar ba. Karmu ne ya riƙe gaba, ya ƙi yarda a karɓe shi har aka ɗora ƙyauren a kan buhunan auduga a bayan wata babbar mota.

Likitan da ya duba shi a Multan dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi sama wajen haske ya nuna mini ƙasusuwa biyu da suka lotse suka haɗe, ya ce tarin fuka ne ya bar huhu ya shiga ƙashin baya, kuma ruɓar ta fara danne laka, shi ya sa ƙafar hagu ke ja. Ya tambaye ni ko Yaya ya faɗi ko an buge shi kwanan nan. Na ba shi labarin Karmu, ban rage kome ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya ce, "Da ƙafar nan ta sauka, da yanzu ba maganar tafiya muke yi ba. Wa ya hana shi?" Na ce malaminmu ne. Ya ce, "To ku riƙe malamin nan da kyau." Ya rubuta allurai da ƙwayoyin da za a sha kullum har fiye da shekara ba fashi, ya ce a kwantar da shi a kan katako watanni, a ba shi ƙwai da madara da nama, daga baya a ɗaura masa ɗamarar ƙarfe da fata. Da na tambaye shi ko Yaya zai sake takawa, ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Bayan mako uku muka dawo da shi gida, aka shiga doguwar jinya. Ƙafar hagu ta ƙara mutuwa har ya zama ko an tsungule ta ba ya ji, ta dama ma ta fara nauyi. Mutumin da ya saba ɗaukar kowa ya koma sai an juya shi, an wanke shi, kuma wannan ya fi ciwon cin ransa. Kowace safiya Karmu kan zo ya ajiye tulun madara a bakin ƙofa ya juya, in Hajran ta yi masa godiya ya ce, "Bar shi, 'yar uwa, ƙafar ce ke biyan kaffara." Kowace Alhamis bayan la'asar kuma Hazrat kan tako da kansa, ya zauna a gefen katakon, ya ɗora hannu a kan ƙullin ya karanta abin da Allah Ya hore masa ya tofa, kuma ba ya tashi sai ya tambaya ko an sha ƙwayoyin ranar. Wata rana Hajran ta kasa daurewa ta ce daga bayan labule, "Allah gafarta Hazrat, ka faɗa mini gaskiya, zai tashi?" Ya ce, "Sanin wannan na wurin Allah, 'yata. Namu roƙo da jinya."

A wata na huɗu zazzaɓi ya tafi, ciwo ya lafa, Yaya ya fara cin gurasa uku, amma ƙafa shiru. Ƙwayoyin kuwa suna tayar masa da zuciya, sai ya fara ɓoye su a ƙarƙashin matashi. Da Alhamis ta zo ya ce, "Hazrat, ni fa tofinka ya ishe ni. Wanda ya tsayar da ƙafar Karmu daga tsakiyar kasuwa, me zai yi da waɗannan 'yan tsakuwoyi?" Fuskar Hazrat ta sauya, abin da ba kasafai muke gani ba. Ya sa hannu ƙarƙashin matashin, ba tare da wani ya gaya masa ba, ya zaro ƙwayoyin kwana biyar, ya ce, "Wanda ke amsa addu'a Shi ne Ya halicci maganin. Kada ka karɓi kyautarSa ɗaya ka mayar maSa da ɗaya." Ya ɗebo ruwa da hannunsa mai albarka ya ba shi na ranar, ya jira har ya haɗiye. Daga ranar Yaya bai sake tsallake ko ɗaya ba.

A cikin waɗannan watanni abubuwa suka sauya a kasuwa. Hazrat ya tsaya wata rana a wurin lodi ya nuna wa 'yan dako su riƙa lanƙwasa gwiwa maimakon ƙugu, kada su murɗa jiki da buhu a baya, kuma mutum biyu su riƙa ɗora wa na uku, suka yi ta gunaguni cewa aiki zai yi sanyi, amma suka bi don kunyarsa. Karmu kuwa bai bar shuri gaba ɗaya ba, sai dai ya koma duk wanda aka kira shi gare shi sai ya tsare shi da tambaya tukuna, kana zazzaɓi, ka rame, ƙafarka na mutuwa, in ya ji ko ɗaya sai ya ce a nufi Multan. Ko wanda ya ci jarrabawar ma ɗan taɓa shi kawai yake yi da yatsun ƙafa. Mutane suka riƙa tsokanarsa da Likita Karmu, shi kuwa yana jin daɗin sunan.

A wata na shida, wata safiya Hajran na shafa masa mai, sai babban yatsan ƙafar hagu ya motsa. Ta ce ya sake, ya sake. Ta fito tsakar gida ba mayafi tana kirana, tana dariya hawaye na zuba. Daga nan abin ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, ji ya dawo, ya fara lanƙwasa gwiwa, likita ya sake hoto ya ce ƙashin ya fara haɗewa, aka ɗaura masa ɗamara ya zauna, sa'an nan muka ɗaura igiya a azara ya riƙa kamawa yana miƙewa. Ranar da ya fara tsayawa ya yi taku biyu ya zube a jikina, ya ce, "Kai, ashe ƙasa nisa gare ta haka."

Wata Juma'a, wata goma sha ɗaya da kwanciyarsa, ya ce a ba shi farar rigarsa, masallaci za shi. Na ce in nemo keken doki, ya ce a'a. Na miƙa masa kafaɗa, ya ture ta, ya ce, "Matsa, malam ƙarami. Ka ɗauke ni ya isa." Ya karɓi sanda ya fita da ƙafarsa. Tafiyar da ba ta fi ta shan shayi ba muka yi kusan awa guda muna yinta, yana taku goma yana hutawa, ni ina biye da shi. Da muka shiga kasuwar hatsi aiki ya tsaya. 'Yan dako suka sauko daga kan katakai suka jeru hagu da dama suna kabbara, masu awo suka bar ma'auni, wani ya ce, "Ilahi Baksh, ga buhu nan na jiranka," Yaya ya ce, "Ce masa ya ci gaba da jira, na sake shi saki uku." Karmu ya taho da gudu daga bakin gada ya shiga gaba yana buɗa masa hanya, yana share hawaye da gefen rawani, yana cewa ƙura ce ta shiga masa ido.

Yaya ya jingine sandar a bakin masallaci ya shiga sahu, ya yi sallarsa a tsaye tun daga kabbarar farko har sallama. Ina gefensa, da aka yi ruku'u na ji kafaɗarsa na rawa, na san kuka yake yi, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Da aka idar, jama'a suka dare masa har gaban Hazrat. Ya tako a hankali, ya fara sunkuyawa zai taɓa ƙafafunsa kamar yadda muke yi wa manyanmu, sai Hazrat ya yi wuf ya miƙe, tsoho da shi, ya kama kafaɗunsa biyu ya tsayar da shi sosai, ya dube shi ido cikin ido. Ya ce, "A'a, Ilahi Baksh. Ba don ni aka miƙar da bayan nan ba. Ka rusunar da shi ga Wanda Ya miƙar da shi."

Yaya ya rayu shekara goma sha tara bayan wannan rana, yana zuwa salloli biyar da ƙafarsa, kuma ban sake ganin ya sunkuya wa wani mahaluki ba.

Wannan shi ne abin da na gani da idona, na kuma ji daga amintattu, daga karamomin Shehinmu, fitilar zamaninsa, likitan zukata da jikuna, wanda Allah Ya nuna wa abin da ke ɓoye a gare mu, shi kuma ya ɓoye kansa a bayan tawali'u. Ya Allah Ka yarda da shi, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin salihan bayinKa. Ka jiƙan Yayana da Hajran da Karam Din, Ka ba duk mai kwance da ciwon baya lafiya da mai gaya masa gaskiya. Ni kuma mai wannan rubutu, da na kusa karya bayan da ya goya ni, Ka yafe mini, Ka sa albarkar Shehinmu ta bi ni da zuriyata da duk wanda ya karanta ya ce amin.